Wasiƙar da ke Ƙarƙashin Gwangwanin Sukari

Bana na cika hamsin da biyu,
shekarun da babana Veikko ya tsaya a kansu.
Yana dajin Lieksa da gatari a kafaɗa,
ya ce wa abokan aiki bari ya ɗan huta.
Ya zauna a kan kututture,
dusar ƙanƙara ta rufe masa takalmi
kafin wani ya waiwaya.

A garinmu ba a riƙe baki don irin wannan.
Haka Kawu Eino ya tafi, haka Toivo masunci.
Mata sun ƙware da dafa gahawar makoki,
suna cewa namijin Karelia itacen daji ne,
bai iya sunkuyawa ba,
sai dai a ji faɗuwarsa.

Na ce ba da ni ba.
Na jera kwalabe a bakin tagar kicin:
man kifi mai launin zuma,
ƙwayar tafarnuwa da aka cire wa wari,
bitamin mai tsaya wa rana a watannin duhu,
da wani gari da maƙwabcina ke rantsuwa da shi.
Goma sha ɗaya cif.
Kullum safiya in ƙirga su a tafin hannu,
in kora da gahawa,
sannan in lafta wa baƙin burodi man shanu
kaurin ɗan yatsa,
in ɗora kifin gishiri a kai.

Wasiƙar asibiti ta zo tun ganye bai zube ba,
wai in je a auna ni.
Na ninke ta biyu,
na danne da gwangwanin sukari.
Wanda bai leƙa rijiya ba
ina ruwansa da zurfinta?

Tuovi ba ta ɗaga murya ba.
Ran nan mun fito daga ɗakin sirace
ta ga na dafa bango ina neman numfashi,
ta miƙo mini tawul ta ce,
"Arvo, shekara nawa kana zuba wa doki harawa ta taga,
ba ka taɓa buɗe barga ka gan shi ba?"

A Joensuu wata nas ta ɗaure mini damtse,
ta ɗebi jini kwalba uku,
ta manna wayoyi masu sanyi a ƙirjina.
Takarda ta riƙa fitowa da tuddai da kwari
kamar ƙasar da ke hayin tafkin Pielinen.
Likitar ba ta girmi 'yata ba.
Na juye mata kwalabena a kan tebur
kamar mai gabatar da shaidu.
Ta karanta su ɗaya bayan ɗaya, ba ta yi dariya ba.
Ta ce, "Ba su yi maka laifi ba,
amma babu mai ido a cikinsu.
Jininka ya hau, kitse ya fara kwanciya a hanya.
Ka san yadda gungume ɗaya ke gicciye kogi
lokacin tura katako?"
Na sani. Tun yana shi kaɗai ake zare shi,
in an bari sauran suka iso, sai nakiya.

Yanzu ƙwaya ɗaya ce, fara, ba ta kai ƙwayar shinkafa biyu ba,
sai bitamin na hunturu da ta bar mini.
Gishiri ya koma can saman kabad,
man shanu sai ran Lahadi.
Man da ya gaje shi ba shi da ɗanɗano,
ina mita, Tuovi na yi kamar ba ta ji.
Da yamma mukan zaga bakin tafki,
mu dawo da bokitin 'ya'yan daji, leɓɓanmu shuɗaye.
Na buga wa ɗana Ilmari waya,
ya ce shi lafiyarsa ƙalau, yana gudu kullum.
Na ce kakanka ma ƙalau yake da safen.

Jiya na bi ta dajin nan.
Na sami wani kututture, ba na ce shi ne ba,
na share ƙanƙarar kansa na zauna,
na cusa hannu cikin riga.
Yana nan yana sara a hankali,
gatari ɗaya a daji mai nisa.
Na saurara har sanyi ya ratsa wandona.

Sannan na tashi.