Dorinar Sajo

Kwana uku aka ba mu, da kalma ɗaya tak: tsallake.
Duniya duk ta ji ta lokaci guda,
mu a Garwa ta same mu ƙarfe biyun dare,
sauro na gaishe mu a idon sawu.

Kwamfutar ta yayana ce, ya bar ta da zai tafi Duwala.
Harafi ɗaya ya faɗi tun bara,
da tsinken sakace nake danna gurbinsa.
Batirinta alkawarin mai cin bashi ne,
minti goma, in ta ga dama.

Ko dala ba mu kashe kan kayan aiki ba.
Wasu ne suka ƙera su, ban san fuskarsu ba,
suka bar ƙofa a buɗe,
suka ce ɗauki, in ka gyara ka mayar.
Rijiyar unguwa ke nan:
mai haƙa ya daɗe da tafiya,
guga na nan a rataye.

Sajo ya zana kwalekwale, ya zana Binuwai,
ya zana dorina mai kama da tukunyar biki.
Uwani ta ɗauki waya ta gangara ƙarƙashin gada
don ta kamo mana kukan ruwa.
Ta dawo da hon ɗin babura
da muryar wata mai kifi tana cewa,
"Dala ɗari? Albarka!"
Muka bar shi haka.

Ran Asabar wuta ta ɗauke.
Muka kwashi komai zuwa rumfar Ɗanjika mai caji,
tsakanin wayoyi sittin masu ƙiftawa,
injinsa na tari, ni ina rubutu a kan gwiwa.
Nan dorina ta ƙi nutsewa.
Ko yaushe na taɓa ta sai ta tashi sama
kamar balbela ta hango garke,
yara suka taru suna ta shewa.
Har la'asar ina haƙilo,
ashe ɗan layi guda na manta,
ƙarami kamar tsagar goshi.

Baba Ɗan'azumi, shekara arba'in yana fito,
ya leƙo ta kafaɗata ya yi tsaki.
"Wa ya ce muku haka take fitowa?
Kunne take fara nunawa, sai hanci, sai huci.
Wanda ya ga bakinta ya makara."
Sajo ya goge aikin dare biyu bai ce uffan ba,
ya zana kunnuwa biyu kan ruwa,
sai ga tsoro ya shigo wasan.

Mun aika saura minti huɗu a rufe,
layi na rarrafe, Uwani na jan carbi.

Na ɗari biyu da sha ɗaya muka zo.
Ba kofi, ba sisi.
Inna ta ce, to, sai a koma shago.

Bayan mako uku saƙo ya iso
daga wani mai suna da harshena ya kasa juyawa,
can ƙasar da kogi ke daskarewa.
Ya ɗauki wasanmu, ya toshe inda yake yoyo,
ya ƙara masa ruwan sama, ya mayar mana.
Tambaya ɗaya ya yi:
matar nan, me take cewa?
Na rubuta masa: ta ce kuɗinka bai kai ba.

Yanzu da yamma Baba kan zauna a benci,
babban yatsansa ya rufe rabin gilashi.
Sau uku yau dorina ta kifar da shi.
Ya ce laifin filafilin ne,
gajere muka yi shi,
gobe a gyara.