Rahoton da Ban Bayar Ba

Ran Lahadi Fasto Dogara ya ce in tashi
in gaya wa ikilisiya abin da muka yi a Cadi.
Na tsaya gaban benci, takarda na rawa a hannuna:
kwana goma sha biyu, kwano bandir huɗu,
rufin ɗakin shan magani ɗaya.
Zumuntar mata suka yi guɗa, aka daki tulu.
Sauran maganar ban faɗa ba.

Ga ta nan yanzu, a gindin ɗorawar bayan gida,
nan kudu da Gani, inda ba mai tafa mini.

Na tafi da aya ashirin a kaina,
ina bitar su tun daga Ningi har Garwa.
Muka isa, ba mai jin Hausa sai tafinta,
shi ma zazzaɓi ya kayar da shi kwana biyar.
Bakina ya zama ado.
Guduma ce ta yi ta magana a kan rufi,
ita ba ta nemi tafinta ba.

Akwai wata tsohuwa, Denemaji,
idonta ɗaya ya yi fari fat.
Rana tsaka za ta zo da ƙwaryar kunu,
ta daki ƙafar tsani da sanda har sai na sauko.
Na ce mata, na gode.
Ta ɗauka sunana ke nan.
Safe Nagode, yamma Nagode,
yara ma suka kama, suna bi na da shi har rijiya.
Ban gyara mata ba.

Lahadinsu a inuwar mangwaro suke yi.
Suka ɗauki waƙa, sai gashin jikina ya tashi:
muryar da na sani tun ina goye a bayan Inna,
kalmomin ne kawai baƙi.
Na ɗauko garwashi a kasko tun daga Kano,
na tarar tuwonsu ya nuna, har sun kwashe.
Na tsaya riƙe da kaskona,
ban san inda zan ajiye shi ba.

Kuma akwai wani saurayi, kafinta,
yana zama bakin hanya, yana kallon jerin kwanona.
Ya fi ni hannu. Na gani a tagar ɗakin uwarsa.
Kuɗin motarmu, mu tara, zuwa da dawowa,
da ya riƙe shi aiki har kaka.
Na kwanta da wannan lissafi a kan tabarmarsu,
na dawo da shi gida cikin jakar kayan aiki,
har yau ban warware shi ba.

Da na sauka, gona na nufa kafin gida,
ina jin tsoron abin da ciyawa ta yi wa gyaɗa.
Na tarar an yi maimai, kunya-kunya tsaf.
Rahila ta ce Malam Ilu ne da 'ya'yansa,
bayan sallar asuba, kwana biyu a jere.
Na je godiya, na same shi yana alwala.
Bai ko ɗago ba, ya ce,
"Ai ciyawa ba ta san ka tafi aikin Allah ba."

Shekara goma sha tara katanga ɗaya ta raba mu.
Zaurensa na yoyo tun daminar bara,
ina ganin roba uku da yake tarawa,
ina wucewa da tsanina a kafaɗa.
Na ƙetare ƙasa biyu in yi rufi,
nasa ban taɓa hawa ba.

Fasto ya ce baɗi ma za a koma, in rubuta suna.
Na ce bari in yi addu'a tukuna.
Ba ƙi nake ba. Ina son jin sandar nan a ƙafar tsani.

Ran tahowarmu ta ƙulla mini irin kuɓewa a tsumma,
ta damƙa, ta yi doguwar magana da harshensu,
na ce amin a inda na ga ta numfasa.
Na shuka shi bayan rumbu.
Yau kwana shida, ina leƙawa safe da yamma,
ƙasar tukuna ba ta ce komai ba.