Injin da Baba Ya Bari

Gadon da ya zo hannuna bai cika tabarma ba:
fartanya biyu, da bashin taki,
da injin ban-ruwa mai jan fenti
wanda ya yi shiru a makon da Baba ya yi shiru.
Kawu ya taya shi a kuɗin tsohon ƙarfe.
Inna ta ce a'a, ta kife shi da kwando,
kaji suka mai da shi wurin kwana.

Rani uku ina dakon tumatirin wasu
daga bakin Galma zuwa titin Dakace,
ruwansa na bin wuyana.
In mai gona ya tambayi sunana
sai a ce masa, ai yaron marigayi ne.

Sai matan adashen Laraba, su Gwaggo Tabawa,
suka ce kwasar bana ba ta kayan ɗaki ba ce.
Suka kafa rumfa, kwano shida, a gindin tsamiya,
suka ɗauko Baba Shekarau daga Sabon Gari,
tsohon makanikin Reluwe, mai yatsu tara,
na goman, in ji shi, yana can cikin wani tarago.

Mu goma sha ɗaya muka fara.
Wata guda cur ba mu taɓa sufana ba,
sai wankin noti a tasar kalanzir.
Barau ya gaji ya koma acaɓa.
Ladidi kuwa, da aka ce aikin maza ne,
ita ta riga mu gane kukan fistin
tun ba a kwance kan inji ba.

Baba Shekarau ba ya duka, ba ya yabo.
Yakan ce, inji ba ya ƙarya, ku ne ba ku ji.
Ya kara sukudireba a jikin ƙarfe,
ya ɗora kunnena a kan ƙotar:
Me ya ce maka, Tanimu?

Ran da na cika wata takwas
na kori kaji, na ɗora shi a baro,
na turo shi ta gaban masallaci kowa na kallo.
Tsatsa ta cinye zaren noti huɗu.
Da murfin ya buɗe, sai ga hannun Baba:
wurin da roba ta mutu
ya yanko tsohon silifa ya cike,
ya ɗaure tiyo da waya,
irin ƙullin da yake yi wa igiyar akuya,
zagaye biyu, a soke ta ƙasa.

Baba Shekarau ya juya silifan a tafinsa.
Bai taɓa ganin mahaifina ba.
Ya ce, mai wannan aiki ba shi da kuɗi,
amma yana da kai.
Na sunkuya kamar ina neman wani noti.

Kwana tara muka yi a kansa.
Ladidi ta wanke kafireta da gashin kaza,
na sayi fulogi da kuɗin dakona.
A bakin kogi na ja igiya,
shiru. Na sake ja, shiru.
A ta bakwai ya yi tari, ya yi tari,
ya tofar da baƙin hayaƙi,
tiyo ya kumbura kamar mesa ta ƙoshi,
ruwa ya bi kwarin albasar Kawu.

Inna ba ta yi guɗa ba.
Ta tsaya nesa, bakin mayafi a haƙori,
ta ce, haka yake yi da asuba.
Ban tambaye ta wanda take nufi ba.

Yanzu in inji ya ƙi tashi a fadama
ana aiko yaro da gudu, a kira Tanimu.
Akwatin aikina na katako ne:
sufana shida, filaya, tsumma,
da guntun silifa shuɗi
wanda bai dace da kowane inji ba.