Ƙafar Keke

Ruwa ya ɗauke a Aboabo bayan isha'i,
kwanon rufi na sauran ɗiga.
Barikisu na gaban kwamfuta, takardu a cinya.
Fom ɗin makarantar nas, sha biyun dare za a rufe,
allo kuwa ya ce babu hanya.

Na ce, ba mun biya ba?
Sidi ɗari biyu na ƙirga ran Litinin,
kuɗin riga uku, har da mai wuyan da ya cinye min ido.
Ta ce, Mma, sun shiga, ga saƙon.
To wa ya tare mu a tsakiya?

Na fara da kamfani, na wanke su tas.
Na koma kan masu wuta da dumsonsu.
Na haɗa da ɓeran silin,
wanda tun azumin bara yake cin masarata ba godiya.
Ban bar kowa da lafiya ba.

Mutawakilu na aikin dare a Tema,
ina jin ƙugin manyan motoci a bayan muryarsa.
Mma, bar faɗa, dubi akwatin kan kabad.
Fitila nawa ke ci?
Uku, koraye.
Ta huɗun fa?
Ta huɗu ta kafe kamar idon busasshen kifi.
To baƙon ya iso gida, ɗaki ne bai shiga ba.
Ciwon yana jikin waya.

Kashe, ƙirga talatin, kunna.
Da carbi na ƙirga don kada in yi ha'inci.
Zare kan, hure ƙura, mayar sai kin ji ƙas.
Ya ce ƙas. Fitila ba ta ce komai ba.
Ramuka huɗu ne a bayan akwatin,
muka bi su kamar masu neman ɗakin haya,
ɗaya bayan ɗaya.

Sha ɗaya saura kwata.
Barikisu ta daina magana,
tana lanƙwasa gefen takardar haihuwarta, tana miƙewa.
Ya ce, bi ta da hannu, Mma,
yadda kike bin ɗinki,
daga kai har wutsiya.

Wannan kam na iya.
Shekara ashirin da shida yatsana na neman inda zare ya yi tsallake.
Na durƙusa, tocila a baki,
bayan kujera, gindin bango,
kan ƙusoshin da yaron ya buga kafin ya tafi.
Na tsinci ɗan kunnen da na zargi 'yar aiki da shi.
Na yi shiru, na ci gaba da tafiya.

A lungun taga na same ta,
ƙarƙashin ƙafar kekena, ƙafar ƙarfe,
ta baje kamar taliyar da aka taka.
Shuɗin ɓawo ya tsage,
'yan jijiyoyi sun leƙo, kore da ruwan lemo.
Ni na ja keken ran Juma'a
don rana ta taya ni zura allura.
Na daɗe a durƙushe, ba don gwiwa ba,
don kunya.

Boakye mai gyaran rediyo ya fito da zane a kafaɗa,
bai tambayi ƙarfe nawa ba.
Ya tona kwali, ya miƙo wata, kamu biyu kacal.
Tunda waya ba ta kai ba, kwamfuta ta yi tattaki.
Muka kinkimo ta falo, muka kife turmi, muka ɗora.
Ƙas.
Ta huɗu ta ƙifta sau biyu, ta tsaya.

Sha biyu saura minti tara Barikisu ta danna.
Ta kifa kai a kan turmin,
kafaɗunta na rawa, ban san kuka ba ne ko dariya.

Da safe na ajiye guntun burodi a gindin buhu.
Ban ce wa ɓeran komai ba.
Shi da ni mun san gaskiya.