Kunnen Layi na Bakwai

Shida da rabi, Dongguan ba ta gama wanke ido ba,
ni kuwa har na zauna
a ɗakin da aka liƙe bangonsa da soso.
Aikina ji ne.
Cikin kowane ɗari, a tsamo ɗaya a ajiye gabana:
iyafis mai waya, baƙi, siriri kamar silin taliya,
wanda za a sayar yuwan goma sha tara
a bakin tasha, kusa da mai dafaffen ƙwai.

Wai gani ya kori ji.
A ɗakin nan ji ne ya kori gani,
har ido nake rufewa.

Hagu. Dama. Hagu kuma.
Ganga tukuna: tana da ciki, ko bugun kwali ce?
Wannan gangarsa ta yi teɓa, ta zauna a kan mawaƙiya.
Wancan sarewarsa tsinke ce,
tana ɗagawa sai ka ji ruwa ya faɗa tafasasshen mai.
Sai in murɗa wayar a gindin filogi.
In ta yi ƙaras-ƙaras, jan kwando.
In ta haƙura ta yi shiru, kore.

Geng, mai duba layi, ya leƙo da kofin shayinsa:
"Xiuyun, kin cika tsanani. Araha ba ta ado.
Kuɗin kwanon shinkafa biyu ne fa."
Ban tanka ba. Na san masu saye.
Yaron da ke kai abinci a babur cikin ruwan sama,
ɗalibar da ke kwana su takwas a ɗaki,
mai gadin da dare ya yi masa tsawo.
Ba su da ƙofar rufewa.
Wannan zaren ne ƙyaurensu.

Sau ɗaya aka sauko da mai tsada daga bene,
albashina na wata uku a cikin akwatin fata.
Ƙarya ba kyau: na ji numfashin mai goge,
na ji kujerarsa ta yi ƙara.
Kwana biyu namu suna yi mini magana ta cikin bargo.
A na uku kunnena ya yafe musu.

Da hutun sabuwar shekara na hau jirgin ƙasa zuwa Guizhou
da guda ɗaya a aljihu. Saye na yi, ban nemi ragi ba.
A wayar Baba akwai daƙiƙa arba'in da ɗaya na muryar Inna:
tana tambaya ko ya rufe tulun kabeji,
tana cewa gishiri ya kusa ƙarewa.
Shekara uku yana kara wayar a kunne,
lasifikarta a fashe, tana zizar ƙudan zuma.

Na sa masa robar ƙarama, babbar ta ƙi zama.
Ya saurara. Ya mayar baya da babban yatsa.
Ya sake mayarwa.
Tuƙaƙƙiyar tabarsa ta mutu a hannu.

Ya ce, "Ashe dariya ta yi a ƙarshe.
Ni duk zatona tari ne."

Ya tambayi kuɗinsa, na faɗa.
Ya ce an cuce ni, a kasuwar gari sha biyar ne,
ya naɗe wayar a yatsu biyu,
ya sa a gwangwanin da yake ajiye takardar gona.

Yau Litinin. Takardar gabana gida huɗu gare ta:
ganga, murya, waya, filogi.
Kunnena na hagu ya fara wani kuka na kansa,
ban gaya wa Geng ba.
Lamba dubu biyu da ɗari uku,
gangarsa ba yabo ba fallasa,
amma murya na fitowa da haƙoranta.
Kore.
Miƙo na gaba.