Faifai Uku da Mai Gyaran Bututu

A shagon gwanjo na titin Holderness na tsince su,
tsakanin butar shayi marar murfi da takalman wani mamaci.
Fam ɗaya. Tsohuwar da ke kan kanta ta ce in kwashe ukun,
wai sun shekara suna tare mata wuri.
Sunansu, in an juya shi da harshenmu, Tsatsar Gada.
Na tambayi mutum goma a asibitin da nake aikin dare,
ba wanda ya taɓa jin ɗuriyarsu,
har waɗanda aka yanke wa cibiya a nan Hull.

Faifan farko a tsohon rumbun kifi suka naɗe shi,
kana jin sanyin wurin har cikin haƙora.
Jita na kuka kamar ƙofar da ta manta da mai,
mai ganga ya ƙi ƙirga huɗu irin na kowa,
bakwai yake bugawa, sai ya tsaya cak,
ya bar ka da ƙafa ɗaya a sama.
Na ce wannan ai hayaniya ce.
Na kashe. Na dafa taliya. Na sake kunnawa.

Na biyu shi ne mai taurin kai.
Waƙa guda, minti goma sha tara,
rabinta gurnanin firiji ne da numfashin wata mace,
Lorna, in ji bayan kwalin,
tana jan kalma ɗaya kamar mai zare ƙaya daga tafin ƙafa.
A minti na sha huɗu sai komai ya buɗe,
kamar ka fito daga ƙarƙashin gada ka tarar ruwa ya ɗauke.
Su suka dafa dutsen,
romon kawai aka ce duniya ta zauna ta sha,
duniya ta ce tana sauri.

Na uku, ɗari biyu kacal aka buga.
A nan sun sauke murya,
yayyafi kan rufin kwano, molon wasan yara,
da shiru mai tsawo da ba su ji kunyarsa ba.
Asabe takan ce, kai da maƙeran nan naka!
Amma na kama ta a bakin famfo
tana raira na ukun ƙasa-ƙasa, hannu cikin kumfa.

A watan Janairu injin ɗumama gida ya mutu.
Wani mai furfura ya zo, Declan a rubuce jikin motarsa,
ya durƙusa, ya kara kunne a bututu,
ya ƙwanƙwasa da sifana.
Bakwai. Ya tsaya cak.
Ƙafata ta rataya a kan matakala.

Na ɗauko kwalin na miƙa masa, ban ce komai ba.
Ya daɗe yana kallon yaron da ke cikin hoton,
mai gashi har kafaɗa, mai sanduna biyu a aljihun baya.
Ya ce wasansu na ƙarshe mutum sha huɗu suka zo,
biyu ma'aikatan gidan ne, ɗaya kare.
Lorna na koyar da lissafi a Grimsby.
Mai jita, ya ce, sai ya koma kan bututunsa.

Ba biro a kusa, hannunsa kuma duk baƙin mai,
don haka babban yatsa ya dangwala a gefen hoton.
Fam tamanin ya caje ni, bai rage ko sisi ba.

Yanzu in na dawo da asuba, gari na barci,
ruwan zafi na hawa bango yana ƙwanƙwasa ƙarfe,
nakan tsaya da takalmi ɗaya a hannu
ina ƙirgawa.