Kwando Goma Sha Bakwai

Sau uku Lantana ta tara mu a shagon Kwangila,
ta baje lissafi jere kamar tururuwa:
asara kaza, riba kaza.
Muka gyaɗa kai, idonmu na kan agogo.

Ran Laraba ta zo hannu rabbana.
Ta zauna bisa kifaffen kwando, ta ce:
"Babana ya kawo tumatir daga Shika,
kwando goma sha bakwai, kuɗin makarantata.
Motar kudu ba ta zo ba.
Kwana huɗu yana korar ƙuda da hularsa.
A na biyar ya biya yara suka zubar,
ya wanke hannu, ya ce mini: sai baɗi."

Shiru.

Barau mai walda ya yi gyaran murya:
"In an yanka, an rufe da gilashi,
rana ta shiga, ƙuda ya tsaya waje fa?"
Talatu ta ce raga. Na ce fanka.
Alli ya ƙare, muka koma gawayi a bango.

Yau akwatin shanya tara ne bayan shago.
Lissafin yana nan yadda yake.
Ni dai in na ga sha bakwai,
hula nake gani.